Abin da Lambobin Agogo da na Kalanda ke Koya Mana

Muna gai da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka ba mu wurin zama, da malaman azuzuwa na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda kullum ba su gajiya da mu. Allah ya saka da alheri.

A makonnin da suka wuce kun koyi rubuta lambobi, kun koyi tarawa da ɗebewa. Yau za mu ɗauki abu biyu da kusan kowane gida yake da su, watau agogo da kalanda. Ko wanda ba shi da agogon hannu yana da na cikin waya.

Abin da ya kawo wannan magana, wani ɗan aji ne ya tambaye mu. Ya ce, "Malam, ni sau da yawa in na duba waya sai in ga 11:11. Wani ya ce mini alamar arziki ce, in kawo kuɗi ya buɗe mini hanya. Gaskiya ne?" Muka ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya zo aji. To, ku kasa kunne. In mun kai ƙarshe, ku da kanku za ku ba shi amsa.

Fuskar agogo

Agogo mai hannu yana da lambobi 12 a kewaye. Gajeren hannu shi ke nuna awa, dogon hannu shi ke nuna minti. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata minti 5 ne. Saboda haka in dogon hannu yana kan 1, minti 5 ke nan. In yana kan 2, minti 10. In yana kan 3, minti 15, watau kwata. In yana kan 6, minti 30, watau rabi. Kowace lamba ka gani, ka riɓa ta sau biyar, ka sami minti. Wanda ya iya ƙidaya biyar biyar, ya iya agogo.

Ku sake dubawa. Lambar da ke fuskantar 12 ita ce 6. Mai fuskantar 1 ita ce 7. Mai fuskantar 2 ita ce 8. Ko'ina ka tsaya, tsakanin lamba da mai fuskantarta 6 ne. Don haka in an ce ka dawo bayan awa shida, ba sai ka ƙirga da yatsu ba. Duba inda gajeren hannu yake, ka dubi lambar da ke gabansa ta wancan gefe.

Me ya sa awa take da minti 60, ba 100 ba? Wannan tsohuwar ƙidaya ce ta mutanen Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu. Su da sittin sittin suke lissafi. Sittin kuwa tana da daɗin rabo. Tana rabuwa biyu, tana rabuwa uku, da huɗu, da biyar, da shida, ba tare da saura ba. Ɗari ba ta rabuwa uku daidai, ba ta rabuwa shida. Mutum uku da suka yi hayar injin ban ruwa na awa guda a fadamar Gummi, kowa minti 20 ne nasa, ba gardama.

Ƙidaya mai komowa

Ƙidayar kuɗi gaba take yi, ba ta komowa. Ƙidayar agogo kuwa zagaye take yi kamar mai kewaya rumbu. In ta kai 12 sai ta koma 1. Ga dokar: in ka tara awoyi suka wuce 12, ka ɗebe 12, abin da ya rage shi ne lokacin.

Ga inda wannan yake da amfani. An ba yaronka magani a asibiti, an ce a ba shi kowace awa takwas. Ka fara da ƙarfe 6 na safe. Shida da takwas 14. Ɗebe 12, saura 2. Ƙarfe 2 na rana ke nan. Biyu da takwas 10, ƙarfe 10 na dare. Goma da takwas 18, ɗebe 12, saura 6. Ka komo ƙarfe 6 na safe. Ashe 6, 2, 10 su ne lokatan, kullum ba su sākewa. In kowace awa shida ne, 6, 12, 6, 12.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an gaya musu nauyin wannan ba. A shekarar 2010, da gubar dalma ta kama yara a Dareta da Bagega da 'Yargalma da ƙauyukan da ke kusa, aka yi hasarar ɗaruruwan yara. Waɗanda aka yi wa magani, na kwanaki ƙidayayyu aka riƙa ba su, ana sa musu ranar da za a komo da su a gwada jini. Uwar da ta san lokaci da kwanan wata, ita ta fi samun sauƙin cika wannan ƙa'ida.

Wayoyi da yawa suna ƙidaya har 24. Kada wannan ya ruɗe ku, doka ɗaya ce. In ka ga 14:30, ɗebe 12 daga 14, ƙarfe 2 da rabi na rana. In ka ga 19:45, ƙarfe 8 saura kwata na dare. In ka ga 00:15, sha biyun dare ta wuce da kwata.

Bakwai bakwai

Yanzu mu koma kalanda. Mako kwana 7 ne, shi ma zagaye yake yi. Ku ɗauki kalanda ku dubi layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Za ku ga 1, 8, 15, 22, 29. Ku dubi na kusa da shi, 2, 9, 16, 23, 30. Kowace lamba ta ɗara ta samanta da bakwai. Saboda haka in 1 ga wata Laraba ce, to 8 da 15 da 22 da 29 duk Laraba ne. In kasuwar garinku ta ci ran 3 ga wata, za ta sake ci ran 10, da 17, da 24.

Wannan kun riga kun san shi tun ba ku shiga aji ba. Yaron da aka haifa ran Talata, ran Talata mai zuwa ake raɗa masa suna. Shi ya sa sunayen rana suke da amfani. Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, kowannensu yana ɗauke da shaidar ranar haihuwarsa a cikin sunansa.

Mu yi misali. An haifi yarinya ran Talata, 4 ga Maris, 2025. Suna ran 11 ga Maris. Ana kai jarirai rigakafi a mako 6, da mako 10, da mako 14. Mako shida kwana 42 ne. Daga 4 zuwa 31 ga Maris kwana 27, saura 15. Watau 15 ga Afrilu, Talata. Ƙara mako huɗu, 13 ga Mayu, Talata. Ƙara huɗu kuma, 10 ga Yuni, Talata. In malamin asibiti ya rubuta wata rana a kati don ta dace da ranar da suke yin allura, ku bi abin da ya rubuta. Amma yanzu kun san yadda aka samo ta, kuna kuma iya karanta ta.

In kwanakin ba su cika mako daidai ba, a raba da bakwai a dubi saura. Kwana 40 mako biyar ne da kwana biyar. Daga Talata ka ƙirga biyar: Laraba, Alhamis, Jumma'a, Asabar, Lahadi. Wanda ya ranta maka kuɗi ran Talata ya ce bayan kwana arba'in, ran Lahadi zai zo.

Kwanakin watanni

Watannin Turawa ba su da tsawo ɗaya. Ga dabarar tunawa. Dunƙule hannunka, ka dubi bayansa. Akwai tudu huɗu na gaɓoɓin yatsu, da kwari uku a tsakaninsu. Fara daga tudun farko ka ce Janairu, kwari Fabrairu, tudu Maris, kwari Afrilu, tudu Mayu, kwari Yuni, tudun ƙarshe Yuli. Sa'an nan ka koma tudun farko ka ce Agusta, ka ci gaba har Disamba. Duk watan da ya hau tudu kwana 31 gare shi. Wanda ya faɗa kwari kwana 30, ban da Fabrairu mai 28, wani lokaci 29.

To, in aka kawo maka takarda an rubuta 31 ga Afrilu, ko 30 ga Fabrairu, ka san babu irin wannan rana a duniya.

Shekara tana tura rana gaba

Shekara kwana 365 ce. Raba da bakwai, mako 52 da saura kwana 1. Wannan kwana ɗaya da ya rage shi ke tura kowace rana gaba. Nijeriya ta sami mulkin kai ran Asabar, 1 ga Oktoba, 1960. A 1961, 1 ga Oktoba ta faɗo Lahadi. A 1962 Litinin. A 1963 Talata. A 1964 fa? Ba Laraba ba, Alhamis. Don me? Domin 1964 doguwar shekara ce mai kwana 366, Fabrairunta ya yi 29, sai aka tsallake rana guda.

Doguwar shekara tana zuwa ne domin duniya tana gama kewaya rana cikin kwana 365 da wajen awa shida. Awa shida sau huɗu awa 24, kwana guda ke nan. Sai a tara a ƙara wa Fabrairu bayan kowace shekara huɗu. Shekarar da ta rabu huɗu ba saura, kamar 1996 da 2020 da 2024, doguwa ce. Amma awa shidan nan ba ta cika cif ba, da sauran wajen minti 11. Da aka daɗe ana ƙyale wannan, kuskure ya taru har kwana goma. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka gyara. Mutanen Rum suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi ran Jumma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752. Tun daga gyaran nan, shekarar da ta cika ɗari ba ta zama doguwa sai ta rabu da 400. Shekarar 1900 ba doguwa ba ce, 2000 doguwa ce, 2100 ba za ta zama ba.

Ga abin da muka gani da idonmu. Wani ɗan ajinmu, bayan rasuwar mahaifinsa, aka kawo masa takarda wai mahaifin ya sayar da gonarsu ran Jumma'a, 1 ga Oktoba, 1997. Aka ce ya dangwala hannu. Shi kuwa ya riƙe a kansa cewa an ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran Talata, 1 ga Oktoba, 1996. Ya ce, in bara Talata ce, bana Laraba za ta zama, ina aka samo Jumma'a? Ya ƙi dangwalawa, ya ce a tafi gaban alƙali a kira shaidu. Ba mu ce kowace takarda mai irin wannan kuskure ta ƙarya ce ba, marubuci yakan yi tuntuɓen alƙalami. Amma kuskuren ya isa ya sa mutum ya dakata ya yi tambaya kafin gonar gado ta fita hannunsa.

Ranakun da ke tafiya tare

Ga wani abin sha'awa. A kowace shekara, 4 ga Afrilu, da 6 ga Yuni, da 8 ga Agusta, da 10 ga Oktoba, da 12 ga Disamba, rana ɗaya suke faɗowa. Ku rubuta su: 4/4, 6/6, 8/8, 10/10, 12/12. A 2024 duk Alhamis ne. A 2025 duk Jumma'a. Ba siddabaru ba ne. Ku ƙirga daga 4 ga Afrilu zuwa 6 ga Yuni: saura kwana 26 na Afrilu, da 31 na Mayu, da 6 na Yuni, 63 ke nan. Bakwai sau tara 63, mako tara cif. Haka sauran duka. Wanda ya riƙe rana ɗaya a ka, yana iya gano ranar kowane kwanan wata ko da babu kalanda kusa. Ina 1 ga Oktoba, 2025? Goma ga Oktoba Jumma'a ce, 3 ma Jumma'a, koma baya kwana biyu, Laraba.

Har wa yau, a zamanin nan namu kalanda tana maimaita kanta bayan shekara 28. Kalandar 1996 da ta 2024 ɗaya ce. Ranar 1 ga Oktoba, 2024, da jiharmu ta cika shekara 28, Talata ce, kamar ranar da aka haife ta.

Kalandar Musulunci da ta manoma

Shekarar Musulunci da wata take tafiya. Wata kwana 29 ne ko 30, sai an gani, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Shekara tana da kwana 354 ko 355, watau ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi yake matsowa. A 2023 an fara shi ran 23 ga Maris, a 2024 ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris. Cikin wajen shekara 33 yakan zagaya bazara da hunturu da kaka da damina ya komo inda ya taso.

Saboda haka shekara 32 ta Turawa kusan 33 ce ta Musulunci. An sami mulkin kai a 1960, Hijira tana 1380. An sami Jihar Zamfara a 1996, Hijira tana 1417. Ku ɗebe. Ta nan shekara 36, ta can 37. Duka biyu daidai ne, mudu ne ya bambanta. In ana cika maka takardar gwamnati, da mudun Turawa ake aunawa, sai ka faɗi shekarunka da shi.

Manoma kuwa suna da tasu ƙidaya mai bin damina da rani. Ita ake nufi in an ce watan bakwai maƙarar rani, ba Rajab ba, ba kuma Yuli ba. Malaman hisabi suna lissafa ta da taurari 28, kowanne kwana 13. Ashirin da takwas sau goma sha uku 364, a ƙara wa ɗaya kwana guda, 365. Ashe ta komo daidai da shekarar rana. Don haka ba a tsai da ranar shuka da watan Musulunci, domin shi yawo yake yi, damina kuwa tana nan inda take.

Amsar tambaya

To, mu koma ga ɗan'uwanmu mai 11:11. A agogon waya mai ƙidaya 12, lokatan da lambobinsu suke iri ɗaya shida ne: 1:11, 2:22, 3:33, 4:44, 5:55, 11:11. Babu 6:66, domin minti a 59 yake tsayawa. Kowannensu yana zuwa sau biyu a kwana guda, sau 12 ke nan cikin minti 1,440. Suna zuwa a wayar mai kuɗi, suna zuwa a ta matalauci, suna zuwa ko kowa yana barci. Mutum yana duba waya sau da yawa a yini. In ya ga 9:47 ba ya tunawa. In ya ga 11:11 sai ya tsaya a ransa don kyawunsa, ya zaci shi kaɗai yake gani.

Kuma ku lura, sa'ad da wayarka ta nuna 11:11 na safe a Bukkuyum, ta ɗan'uwanka da ke Kumasi 10:11 take nunawa, ta alhajin da ke Makka kuwa 1:11 na rana. Lokaci ɗaya ne, lambobi uku. Wanne ne na arzikin?

Haka kwanan wata. An yi ta surutu a kan 11/11/11, wata Jumma'a a 2011, da 12/12/12, wata Laraba a 2012. Irin wannan ba zai sake zuwa ba sai 2101, domin babu wata na goma sha uku. An kuma yi surutu a kan Talata, 22/02/2022, wadda in ka karanta lambobinta daga dama ko daga hagu abu ɗaya ne. Dalilinta a fili yake. Shekarunmu da 20 suke farawa, in ka juya 20 ta zama 02, watau Fabrairu. Saboda haka duk irin wannan rana a ƙarnin nan cikin Fabrairu take, guda 29 ne kuwa ba ƙari. Ɗaya tana tafe, 03/02/2030. Ranar nan ta 2022 da aka yi ta yayatawa, a kalandar Musulunci wata rana ce cikin Rajab na 1443, babu wani jerin biyu biyu a jikinta. Mutanen Amurka ma wata suke fara rubutawa kafin rana, sai tsarin ya sāke.

Ashe lambobin nan aikin masu ƙidaya ne, mutane irinmu suka shirya su don a san lokaci. Ba su san sunanka ba, ba su san aljihunka ba. Arziki na Allah ne, ana nemansa da fartanya da sana'a. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi don wata lamba, ko ka zuba su a cacar lamba don ranar ta yi kyau a rubuce, kuɗinka yake so. Ɗan'uwanmu ya riƙe nasa, ya sayi taki.

Aikin gida

Kowa ya rubuta amsa a littafinsa, ya kawo wa malamin aji.

1. An ce a sha magani kowace awa takwas, an fara ƙarfe 7 na safe. Waɗanne ne sauran lokatan biyu?
2. Waya ta nuna 16:20. Ƙarfe nawa ke nan?
3. In 5 ga wata Asabar ce, rubuta sauran Asabar na watan.
4. An haifi Lami ran 6 ga Yuni, 2024. Sunanta ya dace da ranar?
5. An ba ka rance ran Litinin, za ka biya bayan kwana 30. Wace rana ce?

Wanda ya gama, ya koya wa mai ɗakinsa da maƙwabcinsa, ya kuma rubuta ranar haihuwar kowane yaro na gidansa a bangon littafin nan, da kwanan watan Musulunci da na Turawa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Amin.